Sakamakon Zaɓen Ƙananan Hukumomi a Yammacin Zamfara da Abin da Ya Ke Nunawa

Ranar Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Zamfara. Da Hukumar Zaɓe ta Jiha ta gama lissafi sai ta bayyana cewa jam'iyyar PDP ta lashe kujerun shugabanni duka 14, ta kuma haɗa da kujerun kansiloli duka 147. Tun daga Tsafe a gabas har zuwa Gummi a yamma babu mazaɓa ko ɗaya da ta faɗa hannun wata jam'iyya dabam. Shekara biyar da 'yan watanni kafin wannan, watau cikin Afrilu na 2019, hukumar nan dai ta gudanar da irin wannan zaɓe, amma a wancan karo APC ce ta kwashe kujerun shugabannin 14, ba ta rage wa kowa ko ɗaya ba. Mutanen su ne dai, garuruwan ma su ne. Babban abin da ya sake tsakanin zaɓuɓɓukan biyu shi ne jam'iyyar da ke zaune a Gidan Gwamnati na Gusau.

Manufar wannan lacca ita ce a duba irin wannan sakamako a natse, a ga abin da ya ke nunawa da abin da ba shi da ikon nunawa. An ɗauki ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum a matsayin misali domin a can ne a ke iya ganin illar al'amarin ƙuru-ƙuru, a ƙauyuka irin su Tungar Daji, inda ƙaramar hukuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da talaka. Ba za a tsaya tuhumar wani mutum ko wata jam'iyya ba, gama kamar yadda za a gani nan gaba, kowace jam'iyya ta yi abin da 'yar'uwarta ta yi sa'ad da ta sami hali. Tsarin shi ne abin dubawa.

Kalmomin da a ke amfani da su

Ya kamata a fara da kalmomin, domin Hausa ta kan adana tarihin abu a cikin sunan da ta ba shi. “Zaɓe” tsohuwar kalma ce, ba Turawa suka zo da ita ba. Kowace babbar masarauta tana da masu zaɓen sarki tun kafin zuwansu. Sai dai a sarauta zaɓe da naɗi tafe su ke tare: manyan fada su ware mutum ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, sa'an nan a naɗa masa rawani. Talaka ba ya cikin wannan shawara, nasa shi ne caffa. “Ƙuri'a” kuwa daga Larabci aka aro ta, kuma asalinta abin da a ke jefawa ne don raba gardama, inda sa'a ce ke yanke hukunci. “Sakamako” shi ya fi su duka nauyi, gama daga “saka wa” ya fito, watau biyan mutum gwargwadon abin da ya aikata, alheri ko mugunta. Idan aka bi wannan ma'ana, sakamakon zaɓe shi ne ladan da jama'a su ke biyan wanda ya yi musu aiki, ko horon da su ke yi wa wanda ya ci amanarsu.

Akwai wasu kalmomi biyu da suka fi waɗannan yawo a bakin jama'a idan ana zancen ƙananan hukumomi. Ta farko ita ce “ɗauki-ɗora”, wadda ba ta bukatar fassara. Ta biyu ita ce “kantoma”. A zamanin Turawa kantoma shi ne Baturen da ke kula da bariki da kewayenta a manyan garuruwa irin su Kano da Zariya da Kaduna, wanda Razdan ne ke iya tuhumarsa, mazauna wurin ba su da ta cewa a kansa. Turawa sun tafi tun 1960, amma kalmar ba ta mutu ba. Hausawa suka ɗauke ta suka ba mutumin da gwamna ya ke ɗorawa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba. Ba wata hukumar fassara ce ta zauna ta yanke wannan ba. Jama'a ne suka ga kamar da ke tsakanin mutanen biyu.

Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

Ƙasashen nan uku suna da tsohuwar sarauta. Anka ita ce mazaunin ƙarshe na sarakunan Zamfara, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum kuma tana da Sarkin Danko. Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 sai suka mayar da irin waɗannan sarakuna hakimai a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kowane da gundumarsa, a ƙarƙashinsa dagatai da masu unguwanni. Aikin wannan tsani shi ne tara haraji da jangali da kiyaye zaman lafiya. Umurni daga sama ya ke saukowa, kuɗi kuma daga ƙasa su ke hawa. Saboda faɗin ƙasar ne ma cikin 1938 aka tura Sardauna Ahmadu Bello ya zauna Gusau yana duba gundumomin gabas a madadin Sarkin Musulmi.

Cikin Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da shawara a Majalisar Wakilai ta Arewa yana neman a binciki tsarin En'e a gyara shi, domin a cewarsa talakawa ba su da murya a cikinsa. Daga nan ne aka himmatu wajen kafa majalisun ƙauyuka da na gundumomi, aka kuma yi Dokar En'e ta 1954. Majalisar gunduma ta wancan zamani hakimi ne shugabanta, dagatai suna ciki saboda sarautarsu, sa'an nan a ƙara da waɗansu zaɓaɓɓu. Kuɗin da ke hannunta kaɗan ne, na gina rijiya ko rumfunan kasuwa ko gyaran hanyar rani. Zaɓen kansa hawa-hawa a ke yinsa, ƙauye ya zaɓi wakilai, su kuma su zaɓi na gaba. Abin da ya faru a zaɓen majalisar Arewa na 1951 ya isa misali. A matakin farko magoya bayan NEPU sun taka rawar gani a birnin Kano, amma doka ta ba En'e ikon ƙara mutanenta a mataki na ƙarshe, sai aka wayi gari ba ɗan NEPU ko ɗaya da ya kai ga majalisa daga Kano. Tun daga wancan lokaci aka gane cewa wanda ya tsara matakan zaɓe ya riga ya san rabin sakamakonsa.

Babban juyi ya zo cikin 1976, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, da Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa yana mataimakinsa. Aka rushe En'e, aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya, aka ƙayyade cewa kowace ta ƙunshi mutane tsakanin 150,000 da 800,000, aka kuma mayar da sarakuna masu ba da shawara kurum. Sabuwar Jihar Sakkwato ta sami ƙananan hukumomi 19, Anka da Gummi suna cikinsu. Bukkuyum sai daga baya ta sami tata. Cikin Disamba na shekarar aka yi zaɓe ba tare da jam'iyyu ba, waɗansu jihohi kai-tsaye, waɗansu hawa-hawa, kuma a wannan shekara ce doka ta fara ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Kansilolin da aka zaɓa su ne suka zaɓi akasarin wakilan Majalisar Tsara Tsarin Mulki cikin 1977, abin da ke nuna irin darajar da kujerar ta ke da ita a lokacin.

Abin mamaki, da mulki ya koma hannun farar hula cikin 1979, sai gwamnoni suka sallami waɗannan majalisu suka naɗa kwamitocin riƙo, har Jamhuriya ta Biyu ta faɗi a ƙarshen 1983 ba a sake zaɓen ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya ba. Sojoji ne suka sake shirya shi: cikin Disamba na 1987 ba jam'iyya, cikin Disamba na 1990 tsakanin SDP da NRC ta hanyar ƙato-bayan-ƙato, sa'an nan cikin 1996 da 1997 a zamanin Janar Abacha, wanda shi ne ya ɓalle Jihar Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Na ƙarshe a wannan jeri shi ne na 5 ga Disamba, 1998, a zamanin Janar Abdussalami, wanda Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, ta gudanar. A wannan zaɓe kujeru sun rarrabu tsakanin jam'iyyu, har da sakamakonsa ne aka yi awo aka tabbatar wa PDP da APP da AD rajista. Ba a yi zaɓen don a yabi soja ba, kuma ba a ce ba shi da aibi ba. Abin lura dai shi ne a ranar babu zaɓaɓɓen gwamna ko ɗaya a Nijeriya, mai lissafin ƙuri'a kuma ba yaron gidan ɗan takara ba ne.

Wanda ke riƙe da akwati

Tsarin Mulki na 1999 ya zo da abubuwa uku waɗanda sai an haɗa su a ke fahimtar sakamakon 2019 da na 2024. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma ya bar wa kowace jiha ta yi dokar da za ta tsara su. Sashe na 197 ya kafa wa kowace jiha tata hukumar zaɓe, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da wakilanta, majalisar dokoki ta jiha ta tabbatar. Sashe na 162 kuma ya ce kason ƙananan hukumomi daga Asusun Tarayya ya bi ta wani asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Kason nan ba ƙarami ba ne, gama a tsarin rabon da aka daɗe ana bi ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin 100, jihohi 36 kuma suna da kashi 26.72. Ma'anar wannan ita ce gwamnan da ya riƙe ƙananan hukumomin jiharsa ya kusa ninka abin da ke ƙarƙashin ikonsa. An ba mutum ɗaya mabuɗin rumbu, an kuma ba shi ikon naɗa wanda zai ƙidaya ƙuri'un masu gadin rumbun.

Saboda haka Zamfara ba ita kaɗai ba ce. Cikin 2024 APC ta lashe duka ƙananan hukumomi 21 na Kabi, da duka 23 na Sakkwato, da duka 23 na Kaduna, a Kano kuwa NNPP ta kwashe duka 44 tare da kansiloli 484. Cikin Fabrairu na 2025 APC ta ɗauke duka 34 na Katsina. Jam'iyyu uku ke nan dabam-dabam, kowace ta ci ɗari bisa ɗari a jihar da ta ke mulki. A gefe guda kuma akwai Abuja, inda babu gwamna, INEC ce ke gudanar da zaɓen majalisun yankuna shida. A zaɓen Fabrairu na 2022 APC, wadda ke riƙe da Gwamnatin Tarayya a lokacin, ta sami uku, PDP ta sami uku, har da ta tsakiyar birnin.

Ana iya kawo hanzari, kuma ya kamata a saurare shi. Na ɗaya, tsarin da Nijeriya ta gada daga Ingila, inda wanda ya fi yawan ƙuri'a ko da da ɗaya ne ya ke ɗauke kujerar, ya kan kumbura rinjayen babbar jam'iyya. Na biyu, 'yan siyasar ƙauye su kan bi inuwar gwamnati, domin ba mai son a bar mazaɓarsa a rana. Na uku, a jihohi da yawa babbar jam'iyyar adawa ta kan ƙaurace wa zaɓen tun kafin ranarsa, ko kuma kuɗin takardar tsayawa takara ya gagari ƙananan jam'iyyu. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su isa su bayyana 147 bisa 147 ba, na ukun ma ƙara tabbatar da zancen ya ke yi, domin ba a guje wa kokawar da a ke tsammanin alƙalinta zai yi adalci.

Alƙaluman 2023 su ne za su raba gardama, domin INEC ce ta fitar da su, kuma da rajistar masu zaɓe ɗaya a ke amfani. A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu APC ce ta ci Jihar Zamfara. A ranar ce kuma tsohon gwamna Abdul'aziz Yari na APC ya ci kujerar sanata ta Zamfara ta Yamma, wadda ta ƙunshi Anka da Gummi da Bukkuyum da Talata Mafara da Bakura da Maradun. Bayan mako uku sai jama'ar jihar suka juya, Dauda Lawal na PDP ya sami ƙuri'a 377,726, ya kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle na APC, wanda ya sami 311,976. Watau wanda ya faɗi ya tashi da kimanin kashi 45 cikin 100 na ƙuri'un da su biyu suka raba. Wannan hoton mutane ne masu ra'ayi, masu iya ba wannan yau su hana shi gobe. Bugu da ƙari, tsofaffin gwamnoni uku, Ahmad Sani na Bakura da Yari na Talata Mafara da Matawalle na Maradun, duk 'yan yammacin jihar ne, kuma duk suna APC cikin 2024. Ƙuri'a ba ta rarraba daidai wa daida kamar ruwa a faranti. Ta kan taru a garin ɗan siyasa da inda ya yi wa mutane alheri. In har jam'iyya mai kashi 45 cikin 100 ba ta sami kansila ko ɗaya ba a cikin mazaɓu 147 bayan wata 20 kacal, to alƙaluman ba ra'ayin jama'a su ke aunawa ba. Haka nan za a faɗa game da 2019, sa'ad da abin ya kasance akasin haka.

Zaɓen 2019 yana da wani darasi na dabam. An yi shi ne saura 'yan makonni gwamnatin Yari ta sauka. Ranar 24 ga Mayu na shekarar Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'un da APC ta samu a babban zaɓe a Zamfara saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba, sai Matawalle, wanda a lokacin ɗan PDP ne, ya zama gwamna, ya tarar da shugabanni 14 na jam'iyyar hamayya. Daga nan har Nuwamba na 2024 ba a sake zaɓen ƙananan hukumomi a jihar ba, aka cike wani dogon sashe na wannan lokaci da kantomomi. A Katsina ma an ga irin wannan: gwamnatin APC ta rushe zaɓaɓɓun majalisun PDP cikin 2015, sai cikin 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, bayan wa'adin mutanen ya daɗe da ƙarewa.

Abin da ƙauye ya ke asara

Mai sauraro yana iya cewa wannan duk rigimar 'yan siyasa ce, ina ruwan manomin Tungar Daji da jam'iyyar kansila? Amsar tana cikin Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da ƙananan hanyoyi da kwashe shara, akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa'an nan akwai hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Haƙar ma'adinai an cire ta ƙarara, ta Gwamnatin Tarayya ce.

To, a dubi abin da ya faru cikin 2010. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka shiga kawo duwatsun da suka haƙo cikin gidaje, ana dakawa a turmi, ana niƙawa da injin niƙan hatsi. Duwatsun nan cike su ke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da rijiyoyi da kwanukan abinci, yara ƙanana masu rarrafe su ne suka fi shaƙa da haɗiya. A Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega ta ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru ta ƙasar Bukkuyum, yara suka riƙa suma suna mutuwa, har adadinsu ya kai 400 ko fiye. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda ke yawon sa ido kan cutar sanƙarau, su ne suka fara kai rahoton yawan mace-macen cikin Maris na shekarar. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyuka bakwai ba da jimawa ba, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013.

Ba wanda zai ce kansila ne zai gano gubar dalma, wannan aikin likita ne da ɗakin gwaji. Amma ƙidayar waɗanda suka mutu aikin ƙaramar hukuma ne a rubuce, maƙabarta tata ce, ɗakin shan magani na ƙauye ma da hannunta a ciki. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, kuma dalilin kafa kujerar kansila ke nan: a sami mutum ɗaya daga mazaɓa wanda zai ga sababbin kaburbura na yara sun yi yawa, ya tashi ya buga tebur a majalisa, ya ƙi yin shiru har a turo mai dubawa. Mutum ba ya buga tebur sai in ya san waɗanda suka zaunar da shi suna iya tayar da shi. In kuwa sunansa daga Gusau aka rubuto shi, to can idonsa zai koma, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Majalisar da duk wakilanta daga hannu ɗaya suka fito kuma ba ta da wanda zai tambayi ciyaman inda kuɗin wata suka shiga.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lissafin. A farkon Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum suka kashe mutane masu yawa, dubbai kuma suka bar gidajensu, da yawa suka fake cikin garin Anka. Katin zaɓe kuwa da rumfar ƙauyen mutum a ke ɗaure shi. Idan aka ce wata mazaɓa ta zaɓi wane, ɗalibi mai bincike ya kamata ya tambaya a ina aka ajiye akwatin, mutum nawa ke cikin rajista, nawa suka fito. Sanarwar da ta tsaya ga cewa jam'iyya kaza ta lashe duka ba ta amsa ko ɗaya daga waɗannan tambayoyi.

Bayan hukuncin 2024

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, kuma kada a ba kwamitin riƙo ko kantoma ko kwabo daga Asusun Tarayya. Wannan shi ya sa jihohin da suka yi shekaru ba su yi zaɓe ba suka shiga rige-rigen yinsa a watannin da suka biyo, Zamfara tana cikinsu. Kotu ta iya tilasta a yi zaɓe, amma ba ta taɓa Sashe na 197 ba, domin ba shi ne a gabanta ba. Har ma ana iya cewa hukuncin ya ƙara wa kujerar ciyaman tsada a idon gwamna, gama in kuɗi za su riƙa zuwa hannun ciyaman kai-tsaye, to sai an ƙara tabbatar da ko wane ne zai zauna a kujerar. A Anambara kuwa majalisar jiha ta yi sabuwar doka cikin Oktoba na 2024 wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso na kuɗinsu a asusun da jiha ke kula da shi.

Maganin da aka fi ambata shi ne a soke hukumomin zaɓe na jihohi a mayar wa INEC aikin. Misalin Abuja da na 1998 suna goyon bayan wannan ra'ayi, ko da ya ke yana da nasa haɗari, domin ya kan ɗauke iko daga hannun gwamna ne ya kai shi kusa da hannun shugaban ƙasa. Hanyarsa ma da wuya: gyaran Tsarin Mulki yana bukatar amincewar majalisun jihohi 24, kuma a nan ne ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya maƙale a zagayen gyaran da aka kammala cikin 2023. Akwai kuma abin koyo a Kaduna, inda hukumar jiha ta yi amfani da na'urar jefa ƙuri'a cikin 2018, jam'iyyar adawa ta ci waɗansu ƙananan hukumomi, amma bayan shekara shida aka koma gidan jiya. Wannan ya nuna hukumar jiha tana iya yin adalci in mai naɗa ta ya ga dama, kuma abin da ya dogara ga ganin damar mutum ɗaya ba ya daɗewa.

Maƙwabta na arewa sun bi wata hanya wadda ba a cika zancenta a nan ba. A Jamhuriyar Nijar, a zaɓuɓɓukan ƙananan hukumomi na 2004 da 2011 da 2020, hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta gudanar, kuma an raba kujerun kowace majalisa tsakanin jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, sa'an nan kansiloli suka zaɓi magajin gari daga cikinsu. A irin wannan tsari jam'iyya mai kashi 45 cikin 100 a ƙasar Maraɗi ko Tasawa ba ta tashi hannu rabbana. Sojojin da suka karɓi mulki cikin 2023 sun rushe majalisun nan cikin Afrilu na 2024 sun naɗa kantomomi, amma wannan bai shafe amfanin dabarar rabon kujeru ba.

Akwai kuma gyara mafi sauƙi wanda majalisar dokoki ta jiha ita kaɗai ta isa ta yi shi, ba sai an taɓa Tsarin Mulki ba, watau a wajabta wa hukumar zaɓe ta liƙa sakamakon kowace rumfa a wurin da aka jefa ƙuri'a, ta ba wakilin kowace jam'iyya takardarsa da sa hannu, sa'an nan ta buga alƙaluman mazaɓa-mazaɓa a jaridar gwamnati. Amfanin takarda shi ne ana iya kai ta gaban alƙali. Bayan zaɓen gwamna na 2023 an yi jayayya kan ƙuri'un Maradun da waɗansu rumfuna na Birnin Magaji da Bukkuyum. Cikin Nuwamba na shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba takardun ta ce a sake zaɓe a wuraren, ranar 12 ga Janairu, 2024, kuma Kotun Ƙoli ta sake duba su ta soke wancan hukunci, ta tabbatar da Dauda Lawal. Ɓangarorin biyu sun yi wata goma suna gardama kan ƙuri'un ƙauyukan Bukkuyum rumfa-rumfa, domin akwai lambobin da aka rubuta aka sa wa hannu a ranar zaɓe.